Lambar da Ta Goge

Gireda ta durƙusa a hanyar Kaita
kamar raƙumin da kaya suka fi ƙarfinsa.
Kwana uku ƙafarta ta baya tana kuka,
direba ya ce yashi ne, ya ci gaba da taka ta.
Ran na huɗu ta yi shiru.

Muka ɗaga ta da jak biyu da kututturen maina,
muka zare aksul, giris ya biyo baƙi ƙirin
da ɓarɓashin ƙarfe kamar tsakin gero.
Boris ya zubo 'ya'yansa a tafina,
biyu sun dare, sauran sun yi shuɗi don wuta.

Maigidana Rabe ya ce, "Wanke shi, Mannir,
kowane boris da sunansa a gefen wuya."
Na wanke da kananzir, na goga alli:
uku, biyu, biyu, ɗaya,
ta ƙarshen kuwa zafi ya lashe gindinta.
Tara ce ta tsufa,
ko takwas ce aka cinye wa ciki?

Tsakaninsu bai kai faɗin farce ba,
amma ɗaya za ta zauna daram,
ɗayar ta yi ta rawa har ta ci aksul.

Rabe, yana ta rufe masa ido ɗaya tun bara.
Bai nemi tabarau ba.
Ya zaro tsinken tsintsiya,
ya gitta shi a bakin zoben, ya datse da haƙori.
"Sa a aljihu. Kar ka sakace da shi."

Na hau babur zuwa Ƙofar Ƙaura,
hadari na haɗuwa ta gabas,
ɗan kwangila na ta kira, ban ɗauka ba.

Sada ya dire mani kwali biyu a kan kanta.
Tsinke ya shiga mai tara, ya faɗi ƙasa.
Ya shiga mai takwas, ya tsaya cak.
Sai ya jawo na uku daga ƙasan benci,
lamba ɗaya, rabin kuɗi, yana ƙyalli.
"Ragowar taka ce, wa zai sani?"

Na auna su a hannu.
Mai arahar ba nauyi,
rubutunsa fenti ne, farce na kankare shi.
Na daɗe a tsaye, ba zan ɓoye ba,
takalmina ya huje tun azumi.

La'asar sakaliya muka ɗaure noti na ƙarshe.
Gireda ta miƙe, ta je gada ta dawo.
Rabe ya ɗora tafinsa a kan cibiyar taya,
ya yi jim, kamar mai jin zazzaɓin yaro.
"Da sanyi," in ji shi.

Yayyafi ya fara.
Tsohon zoben muka danne tamfol da shi.
Tsinken yana bayan kunnena har yanzu.