Usur ɗin Kiyari

Ƙarfe uku na iso filin bayan lakwal na Garin Malam,
na jingine kekena jikin bedi,
na tuɓe takalmi.
Ido yakan ruɗi mai shi, tafin ƙafa ba ya ƙarya.

Ruwan daren jiya ya tafi ya bar ajiya.
Gefen yamma ƙasa ta tsane, tana riƙe dunduniya.
Gaban ragar gabas kuwa laka ce,
har da sawun shanun da aka kora kasuwa da asuba,
kowane sawu da ruwansa kamar ƙoƙon sha.
Tokar da muka ja layi da ita ran Juma'a
ta bi kwata.

Na ɗaga ƙwallo daidai kafaɗa, na saki.
Nan ta yi tsalle har gwiwa.
Can ta zauna daram, kamar baƙuwar da ta zo da shirin kwana.

Ni tela ne. Ba wanda ya ba ni takardar alƙalanci.
Usur ɗin ma na Kiyari ne,
ya miƙa mini ranar da gwiwa ta hana shi gudu.
Ladana jaka guda da ruwan leda biyu,
in an tuna.

Ƴan Mirya sun iso tun azahar,
su goma sha bakwai a mota ɗaya.
Dala-dala suka tara kuɗin mai.
Kyaftin ɗinsu, Nayusa, ya ja ni gefe:
"Baba, direba ba ya mayar da kuɗi.
Mun buga a filin da ya fi wannan muni."
Na san gaskiya ya faɗa.
Mai ƙosai ta riga ta hura wuta,
yara sun haye kan dutse, kowa ya kama wurinsa.

Sai na dubi gabas.
Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.
Walƙiya ta yi, na ƙirga a zuci,
na kai goma sha biyu kafin cida ta amsa.
Ta sake yi. Takwas.

A garin da ake kwana layi bakin famfo,
jarka bayan jarka har a kira salla,
ni kaɗai nake roƙon ruwa ya dakata minti casa'in.
Na ji kunyar roƙon, na haɗiye shi.

Bara waccan, rana irin ta yau, na ce a buga.
Ila, ɗan maƙwabcina, ya zame gaban waccan raga.
Ƙarar ƙashin ta riga ihunsa zuwa kunnena.
Yanzu ga-ruwa yake yi, yana tura baro da ɗingishi,
kuma kowace safiya sai ya tsaya bakin shagona
ya gaishe ni da ladabi.
Da zagina ya yi, da na fi samun barci.

Na busa, dogo, sau uku.
Ba wasa yau.

Abin da aka faɗa a kaina da kan mahaifiyata
ba zai shiga takarda ba.
Baƙi suka ce ƴan gida sun saye ni,
ƴan gida suka ce tsoro ne kawai na tsufa.
Nayusa bai ce uffan ba,
ya zauna ya kwance igiyar takalminsa a hankali.
Wannan ya fi ciwo.

Hadarin kuwa sai ya karkata kudu,
ya tafi ya juye wajen Magarya.
Ƙarfe biyar rana ta fito tar.
Yara suka sauko daga dutse
suka buga nasu cikin lakar nan, ba alƙali,
kuma ko yatsa ba wanda ya karya.

Na tura keke gida.
Zinaru ta jera bokitai ƙarƙashin indararo,
ko ɗigo babu a ciki.
Ta ce, "Wa ya ci?"
Na ce, "Ba a yi ba."
Ta dubi sama, ta dube ni,
ta fara kwashe bokitanta.

Na rataye usur a ƙusa, kusa da almakashi,
na zauna wanke lakar da ta bushe tsakanin yatsuna.