Kowane Minti Goma

Paysandú, tsakiyar Yuli, sanyi na cizon ƙashi,
rumfar tumaki na warin jiƙaƙƙen gashi.
Mu huɗu ne sababbi a shekarar:
ni, Irupé, Yamandú, da Braulio sarkin tambaya.
Malamarmu Nélida Arrospide
ta shekara talatin tana bin sawun abu guda,
yadda ƙwaƙwalwa ke aika wa jiki saƙo ta cikin jini.

Ranar farko ba ta kai mu gaban allo ba.
Hannuna ta kama ta ɗora bisa goshin tunkiya,
ta ce, "Can ƙasa, inda yatsa ba ya kaiwa,
akwai ƙullutu, bai fi ƙwayar wake ba.
Ƙwaƙwalwa ba ta kwarara masa zance,
ɗiga masa take, ta yi shiru, ta sake ɗigawa,
shi kuma ya amsa cikin jini.
Wanda ya ɗebi jinin sau ɗaya a wuni
ya leƙa kogi ne da rani
ya ce ya san halin ambaliya."

Saboda haka, kowane minti goma.
Tawa mai lamba sha bakwai ce, siririn bututu a wuyanta.
In ja, in zuba a kwalba, in rubuta lokaci,
in nutsa cikin ƙanƙara,
daga faɗuwar rana har fitowarta.
Ƙoƙon mate na yawo hannu zuwa hannu,
ɗacinsa ke riƙe mana fatar ido.
Wajen ƙarfe biyu har Braulio ya daina tambaya.

Barci ba ya sallama.
Uku da rabi na ɗiba, na jingina da dami,
sai na ga agogo na cewa huɗu saura uku.
Kwalba biyu wayam.
Tunkiyar na tuƙa tana kallona.
Zuciya ta ce, ja yanzu, raba uku,
saka lokutan da suka wuce,
jini ai jini ne, wa ya gani?
Har na cire murfin alƙalami.

Takalmin robarta na fara ji kafin fitila.
Ta dubi kwalaben, ta dubi hannuna.
"Zulma, rubuta babu. Ki sa dalili."
"Wane dalili?"
"Na gaskiya. Kin yi barci."
Ta zauna kan bokiti, ta hura tafinta.
"Ina shekarunki na taɓa cike irin wannan gurbi.
Wani bawan Allah a Córdoba ya ɓata wata takwas
yana neman tudun da ni na gina.
Har ya rasu ban gaya masa ba.
Tashi, huɗu ta yi."

Bayan mako shida, a Montevideo,
na'ura ta tofo mana sakamako.
Daren nan ya koma zane a takarda,
tudu, kwari, tudu, kamar haƙoran zarto.
Na bi layin tawa da farce:
uku da rabi ya fara hawa,
sai rami,
ƙarfe huɗu yana gangarowa.
Ƙololuwar ta zo ta wuce ina minshari.
Tsawonta nawa? Tunkiyar ma ba ta sani ba.

Nélida ta yi ritaya, tana kiwon zuma.
Yamandú ya bar mu, yana sayar da magani.
Takardar na nan manne jikin firjina,
gefenta ya naɗe, tawadar ta koɗe.
Jiya sabuwar ɗalibata ta tsaya gabanta,
ta ce, "Malama, wannan ramin fa?"
Na ce sai mun isa rumfa,
na miƙa mata bargo da agogo biyu.