Baƙin Ɗan Jar Akuya

Ranar Talata Mushe Lawali ya shigo aji
da albasa guda a aljihun riga.
Muka bushe da dariya, wani ya ce yau darasin miya ne.
Ya ɓare ta, ya zare fatar ciki,
siririya kamar hucin baki a kan gilashi,
ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma,
ya ce, "Barira, zo ki leƙa."

Na rufe ido ɗaya.
Sai ga gari.
Ɗakuna manne da juna kamar gidajen Bagalam,
kowane da katangarsa,
kowane da ɗigon duhu a tsaka,
mai gida ke nan, zaune, rungume da littafin gado.
"Ke ma haka kike," in ji shi,
"tun daga farce har idon da kike kallo da shi."
Na dubi tafin hannuna.
Shekara goma sha bakwai ina wanke kwanuka da birni,
ban taɓa gaishe da mazaunansa ba.

Na koma gida na tarar da shari'a.
Jar akuyar Inna Tsahara ta haihu uku,
biyu jajaye kamar uwarsu,
na ukun baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Inna ta ci ɗamara tana nuna danga:
"Uwa ja, uba ja, ina baƙi ya samu ƙofa?
Bunsurun Nomau ne, ba wani!"

Na ɗebo wake da tsakuwa, na durƙusa gabanta.
Na ce kowane hali biyu-biyu yake zuwa,
ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.
Ja mai baki ne, in yana wuri shi ake ji.
Baƙi kuwa mai kawaici,
yakan yi shekaru a bayan ɗaki bai yi tari ba,
sai ran da ya gamu da ɗan'uwansa.
Na jera su huɗu a kan tabarma:
uku wake ya rufe, ɗaya tsakuwa zalla.

Ta daɗe tana kallon ta huɗun.
Ba akuya take gani ba.
Ta ce, "Ni lafiya, kakanki lafiya,
amma Ɗanladi kullum dare kukan ƙashi,
har ya tafi bai kai kaciya ba.
Aka ce amosani, aka ce baki aka yi masa.
Shekara talatin ba na cin abincin Dije saboda wannan."
Ta ɗauki tsakuwar ta ƙulle a bakin zane.
Ban san me zan ce ba. Littafinmu bai kai nan ba.

Da la'asar Baba ya dawo daga gulbi da tankin feshi,
yana zagin mai shago, wai maganin bana ruwa ne.
Na so in ce masa maganin na nan yadda yake,
tsutsar ce ta sake:
ya kashe masu rauni bara,
jikokin masu taurin rai ke cin wakensa yau.
Na bari sai ya sha fura tukuna.

Yanzu ina bita a ƙarƙashin gawon bayan gida,
itacen da ke tuɓe ganye in damina ta zo
don gero ya samu rana.
Awaki na cin 'ya'yansa, suna biyansa da taki,
saiwa na sha, tururuwa na kwasar saura,
ba mai rubuta bashi, ba mai gudu da shi.

Ɗan baƙin yana tsalle tsakanin jajaye.
Inna ta raɗa masa suna Shaida.
Ɗazu na gan ta ta rufe kwano da faifai,
ta wuce ƙofar Nomau ba ta tsaya ba,
ta nufi gidan Dije.