Tuta Ta Mutu Sau Bakwai

Tun zakara bai yi tunanin cara ba
na ɗaura mata jan zare a kunne,
muka gangaro daga Cincero, ni da Tuta.
Raɓa ta daskare a kan ciyawa kamar gishiri,
numfashinmu na tafe a gabanmu, fari fat.
Tuta, wato dare a harshenmu:
baƙar lama, 'yar raƙumar dutse marar tozo,
mai kallon mutane ta saman hanci.
Yau ashirin da huɗu ga Yuni.
Yau za ta mutu, karo na bakwai.

Kaka Sirila ce ta ba ni labarin, tana kaɗi.
Zamanin Inka, in ji ta,
in rana ta yi ƙaura can arewa,
yini ya tsuke, sanyi ya shiga ɓargo,
sai tsoro ya kama Kusko: in ba ta dawo ba fa?
Kwana uku ba a hura wuta a gari.
Ɗanyar masara, ruwa, shiru.
Sannan sarki ya fito ƙafa ba takalmi
ya miƙa wa Inti ƙoƙon giyar masara,
ɗa yana rarrashin uba ya komo gida.
Da madubin zinariya aka kamo haske,
aka zuba shi kan auduga har ta kama,
kowane murhu ya ɗebi rabonsa.

Sai masu gemu suka zo da dawaki da ƙarfe.
Suka ɓamɓare zinariyar bango suka narkar,
suka ɗora coci a kan ɗakin rana
kamar mai kife ƙwarya a kan garwashi.
Aka buga doka: babu biki.
Shekara ɗari uku da saba'in da 'yan kai.
Kaka ta gatsa zare ta ce,
doka ta hana ganga, ba ta hana alfijir ba.
Mutum yakan ɗiga wa ƙasa abin shansa
ya ce hannunsa ne ya yi rawa.

Tana yarinya aka tono bikin daga tsofaffin takardu,
aka kakkaɓe shi, aka ɗinka masa riga.

Yanzu ga mu a Saksaiwaman,
inda duwatsu suka haɗa baki, ko allura ba ta ratsawa.
Baƙi a kujeru masu lamba,
tikiti ɗaya ya fi dankalina na wata.
Namu suna can bisa tudu, kyauta,
suna gasa dankali a cikin hoge.
Toribiyo, da jiya ya yi mini tsadar tasi,
yau ya saɓa karagar sarki a kafaɗa,
fuska murtuk, kamar bai taɓa neman canji ba.

Babban boka ya ɗaga wuƙa.
Tuta ta kwanta, ta san aikinta.
Aka ɗaga jan tsumma sama: ga zuciya!
Fili ya ɗauki numfashi.
Wata baƙuwa ta rufe idon ɗanta.
Ni kuwa ina jin baƙata a bayan labule
tana tuƙa, hankali kwance.

Wasa ne, na sani. Ni ke karɓar kuɗin haya.
Amma da mai rigar sarki ya buɗe hannuwa
ya kira rana da Kecuwa, ta lasifika,
harshen da malam ya doke ni a kansa a aji biyu,
sai na ji hulata a hannuna
ban san sa'ad da na cire ta ba.

Da yamma muka kama hanyar gida,
matacciya a gaba, ni a baya.
Na ce mata, gobe yini zai ƙaru
da taku ɗaya na kaza.
Ta waiwayo, ta tofa mini miyau,
ta ci gaba da hawan dutsenta.