Saura Awa Goma Sha Tara

A kan tudun Valparaíso, a gidanmu mai bangon kwano,
hazo ya taso daga teku ya lulluɓe fitilun tasha.
Baltasar zai kama motar asuba zuwa Antofagasta,
ya ce ba ya tafiya sai da hotunan Baba a jaka.

Dubu talatin da ɗaya, kusan duk jirage.
Shekarun da Baba ya yi yana dako a bakin ruwa,
jirgi bai shigo ba face ya ɗauke shi hoto.
Mu 'ya'yansa, ko goma ba mu samu ba.

Na haɗa faifan ajiya, na ja, na saki.
Allo ya ce: saura awa goma sha tara.
Koren layi ya kama tafiyar hawainiya,
hawainiyar ma mai ciwon ƙafa.
A ƙarƙashinsa sunaye na wucewa ɗaya-ɗaya,
yadda Baba ya raɗa musu da yatsa guda:
Santa Griselda, an yi ruwa.
Jirgin ayaba, bayana ya riƙe.
Baltasar ya yi tsaki, ya zare, ya hura, ya mayar.
Saura awa ashirin da biyu.
Garin neman gira za a rasa ido.

Na ƙwanƙwasa wa Fresia bango.
Ta shigo da silifas, tabarau a goshi,
ta dubi teburin kamar likita ya ga gyambo.
"A nan kuka soka? A wannan mai baki huɗu?
Linzami na sha, fanka na sha, wayar wancan na sha.
Rijiya ɗaya, guga huɗu, ku ce ruwa ya yi rowa?"

Ta durƙusa bayan kwamfuta da tocilan,
cikin ƙura da gashin kyanwa.
"Kafar USB iri-iri ce, Amparo.
Mai baƙin harshe lungu ce,
mai shuɗin harshe ita ce titi."
Saura awa bakwai.

Ta murza kebul ɗin tsakanin yatsu,
siriri, wuyansa ya karye tun zamanin wata kyamara.
Ta zaro gajere mai kauri daga aljihun riga.
Saura awa uku da 'yan kai.
"Ga kuma mai gadin kwamfuta,
kowane hoto sai ya kwance ya shinshina
kamar ɗan kwastan da bai karya ba.
Yau dai ya huta, kayan gida ne."

Ina jinta da kunne ɗaya. Idona na kan allo.
Jirgin Girka, ranar da aka haifi Amparo,
ban je asibiti ba sai yamma.
Na kai hannu. Ya riga ya wuce.

"Saura babban ciwon," in ji Fresia.
"Ƙananan kaya sun fi dutse nauyin ɗauka.
Babanku bai faɗa muku ba?
Da can buhu-buhu ake sauke jirgi, mako guda cur.
Da kwantena ta zo, kafin rana ta faɗi an gama.
Ku dunƙule su fayil ɗaya."

Muka dunƙule. Shayi bai huce ba sosai
allo ya ce: saura minti goma sha ɗaya.
Baltasar ya yi tafi, ya sumbaci goshin Fresia.
Koren layi na gudu kamar ruwa a gangare,
suna ɗaya tal a ƙarƙashinsa, ba jirgi, ba ruwan sama.

Ban ce mata komai ba, ai taimako ta yi.
Amma kwantenar nan ce ta sallami Baba daga tasha,
ya dawo gida da ƙugiyar dako a hannu
ya rataye ta bayan ƙofa. Tana nan.

Da asuba, bayan motar ta tashi,
na ɗauko siririn kebul daga kwandon shara,
na nemi kafa mai baƙin harshe,
na ja kujera kusa.
Saura awa goma sha tara.
Yau ba ni da aiki.