Ramuka Uku

Kakana majemi ne a Marwa,
ramukansa uku a gaɓar Kaliyawo.
Ni kuwa ina Domayo, ɗakin haya,
da fanka mai tari, da kwamfuta,
da fayil ɗin XML da ƙungiya ta turo:
manoman albasa dubu biyu da ɗoriya,
kowa da buhunansa, kowa da bashinsa.

Ɗanyar fata ke nan,
da gashinta, da kitsenta, da ƙarninta.
Wani ya sa kwanan wata da Faransanci,
wani ya fara da shekara,
magatakardan Mindif ya bar gurbin kuɗi wayam
ya zuba sefa a gurbin sunan uwa.

Na so in gama da bugu ɗaya.
Takardar salo guda na rubuta, layi ɗari tara,
ita ce wanki, ita ce jeri, ita ce ado.
Ran Laraba Bakari ya ce in sauya abu ɗaya tak.
Na taɓa wuya, gindi ya yage.
Har la'asar ina kallon aikin hannuna
kamar wasiƙar da aka kawo gidan da ba nata ba.

Sai ga tsoho a raina, tsugune,
zani a ɗaure, ƙafa cikin ruwan toka:
"Jaratu, toka ba ta san aikin bagaruwa ba.
Bar kowane rami da abin da ya iya."

Na raba ta uku.
Ta fari toka ce, tana cin gashi,
tana zubar da duk alamar da ba a nema.
Ta biyu bagaruwa, mai ɗaci, mai haƙuri,
tana shiga kowane layi
har kwanan wata ya zama iri ɗaya.
Ta ƙarshe karan dafi ce, ja kawai ta sani,
ita ke fito da shafin da ido zai gani.
Abin da wannan ta tofar, shi waccan ke ci.

Ranar farko na juya jerin.
Na tsoma fata a rini da gashinta.
Injin bai yi faɗa ba, bai ko yi tsaki ba,
farin shafi ya miƙo mini, tas,
don ta uku na kiran wani suna
da ta biyu ba ta riga ta raɗa ba.

Na gyara. Komai ya fito,
sai dai Ɗahiru ya zama ?ahiru,
ƙugiyar kowane harafi ta karye a hanya.
Ashe tsakanin rami da rami
ina ajiye fatar a faifai, in sake ɗauka,
nan ƙasa ke lasar abin da ta lasa.

Tsoho bai taɓa yar da fata a ƙasa ba.
Daga hannunsa sai hannun Gambo,
tana ɗiga, tana nauyi, sai rami na gaba.
Haka na ɗaura su, bakin wannan a kunnen waccan,
fayil na wucewa cikin ƙwaƙwalwar inji
bai sauka ko'ina ba.

Daƙiƙa huɗu.
Shi kwanaki yake yi, wani lokaci har ya zagi rana.

Da safe Bakari ya manna takardun a jikin darbejiya.
Wani dogo mai hular saƙa ya bi layi da yatsa,
ya tsaya, ya ce buhunsa sha bakwai ne, haka ne,
ya hau kekensa.
Bai san an yi jima a daren jiya ba.

Na shinshina tafin hannuna.
Na kakana har likkafani suna warin bagaruwa.
Nawa sabulu kawai.