Fuskar da ke Kan Dala Ashirin

Sha ɗaya na dare, gidan mai na bakin Tahlequah ya yi tsit,
sai firij da ke gurnani kamar tsohon kare.
Na baje takarduna a bayan kanta,
tsakanin kwalin cingam da injin ƙirga kuɗi.
Malama Prewitt ta ce shafi biyar, ranar Litinin:
"Shin shugaba na bakwai ya faɗaɗa mulkin jama'a? Kawo hujja."

Na tsaga takarda da layi ɗaya.
Dama na rubuta E, hagu na rubuta A'a.

Gefen E bai ba ni wuya ba.
Maraya ne, bai gaji komai ba sai zafin rai.
A zamaninsa farin talaka mai gatari ɗaya
ya soma jefa ƙuri'a ba a tambaye shi faɗin gonarsa ba.
Littafi ya ce ranar rantsuwa
jama'a sun tattake fada da takalma masu laka.
Wannan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba,
ni ma nawa takalman ba su san darduma ba.

Direban tirela ya shigo, kofi da biskit,
ya miƙo dala ashirin.
Ga mutumin nan a tafin hannuna,
gashi a tashe, ido na kallon gefe
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Na kwantar da shi a aljihun tebur, na ba da canji.

Kakata Ollie ba ta karɓar wannan takarda.
A banki takan tura ta baya da ɗan yatsa:
"Goma biyu za ki ba ni, 'yata."
Akwai tukunyar ƙarfe a kicin ɗinmu, kunne ɗaya ya karye.
Daga Jojiya ta taho, a bayan wata yarinya,
cikin sanyin da ke tsaga diddige,
da irin wake ɗinke a bakin zane.
Su bakwai suka taso. Huɗu suka ci daga tukunyar a nan.
Shi ya sa hannu a dokar, magajinsa ya turo sojoji.
To a wane sakin layi ake ajiye tukunya?
Malama ta ce kowace hujja da lambar shafinta,
Kaka kuwa ba ta da shafi.

Sha biyu, Cedric ya zo karɓar aiki,
ya leƙa takardar yana cire safar hannu.
"Nawa kakannin fa? Suna gonarsa ta auduga,
ba su a dama, ba su a hagu."
Na ɗaga biro zan ƙara su gefena, ya riƙe mini hannu.
"Sannu dai. A waccan tafiya taku,
wasu cikin naku da bayi suka taho."

Na yi shiru.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ko da cibin gida ne.

Layin da na ja ya zama abin dariya.
Na juya takardar, bayanta fari fat,
na rubuta kalma ɗaya a sama: jama'a.
Wa ke cikinta a shekarar? Wa ya tsaya a bakin ƙofa?
Wa aka rushe wa ɗaki don a faɗaɗa zauren?
Shafi na farko na masu takalman laka ne, haƙƙinsu ne.
Na biyu na dokar. Na uku na gonar auduga.
Na huɗu namu, har da abin da ba ma faɗa a teburin cin abinci.
Na biyar ban sani ba tukuna.

Kafin in tafi muka ƙirga cinikin dare.
Sau goma sha tara fuskarsa ta bi ta yatsuna,
Cedric ya sake ƙirgawa, ya ce daidai ne,
muka ɗaure su da roba, muka kulle.